Baƙin garin da ke riƙe da ofisoshin Daura: na asali, na ciko da na jabu

Idan wuta ta ɗauke a ofis, akwai janareta. Idan intanet ta yanke, wani zai haɗa ta wayarsa. Amma da zarar an ce "tona ta ƙare", aiki ya tsaya ke nan. Mai neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma sai ya koma ya dawo gobe, magatakardan kotu ya jingine kwafin hukunci, malamin makaranta ya koma rubuta tambayoyin jarrabawa a allo.

Tona ita ce baƙin garin nan mai laushi da firinta da injin fotokwafi suke rubutu da shi. A yawancin ƙananan firintoci, garin yana zuwa ne a cikin wani dogon mazubi na roba da ake kira katirij, wanda ake zarewa idan ya ƙare a saka wani. Kamfanonin da suka ƙera shi sun so a ce sau ɗaya za a yi amfani da shi. A Daura, kamar a Katsina da Kano, da wuya a samu katirij ɗin da ya yi rayuwa ɗaya ya huta.

Garin kuwa ya ƙara zama mai cin takarda a 'yan shekarun nan. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, a Agustan shekarar aka buɗe asibitin sojojin sama, a Disamba kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Ga Kwalejin Yusuf Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya da suka riga su, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Ɓaure, ga kotuna da ofisoshin hakimai, ga jami'an kan iyaka a Kwangwalam. Kowannensu yana da firinta, kuma a kusa da ƙofar kowannensu akwai shagon kwamfuta da ke rayuwa da buga takardu: sakamakon WAEC da NECO, takardar JAMB, ta NIN, kundin binciken ɗalibai, katin gayyatar ɗaurin aure.

Lissafin shafi

Tsofaffin firintocin HP ne suka fi yawa a irin waɗannan wurare, da yawansu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai. Masu sana'ar sun haddace lambobin katirij ɗinsu kamar yadda makanikai suka haddace lambar fulogi. 12A na firinta 1018 da 1020 ne, 85A na P1102, 05A kuma na P2035 da P2055.

Kamfanin ya ce 85A zai buga shafi kusan 1,600, 12A shafi 2,000, 05A kuma 2,300. Sai dai ba kowane irin shafi ake nufi ba. Ma'aunin da aka amince da shi a duniya yana amfani ne da shafin da rubutu ya rufe kusan kashi 5 cikin 100 kacal na farar takardar, kwatankwacin gajeriyar wasiƙa. Takarda mai tambarin hukuma, da layukan jadawali, da hoton fasfo, tana shan gari fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa maigidan ofis kan zargi akawunsa da buga takardun waje alhali wataƙila lissafin ne bai fahimta ba. Sabuwar firinta ma takan zo da katirij na ɗanɗano wanda ba a cika shi ba: na P1102 shafi kusan 700 yake yi.

A ɗauki misalin makarantar sakandare mai ɗalibai 400. Idan za su rubuta darussa goma, kowace jarrabawa shafi biyu, an tashi da shafi 8,000 a zango guda. Katirij 85A biyar ke nan ko da lissafin kamfani aka bi, kuma sau uku ake yin haka a shekara.

Duk wannan kaya da dala ake shigo da shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin gudanarwa da ake bai wa ofisoshi bai ninka sau uku ba, kuma mai shago ba zai iya ninka kuɗin buga shafi sau uku ba tare da ɗalibai sun gudu ba. Har ta kai farashin sabon katirij na asali yana iya kusantar na tsohuwar firintar da za a saka shi a ciki. Wanda ya ga haka ba ya buƙatar wa'azin kare muhalli kafin ya nemi mai ciko.

Abin da ke cikin fanko

Katirij ba gwangwanin gari ba ne kawai. Kusan rabin aikin firinta a cikinsa yake. Tun a 1938 wani Ba'amurke, Chester Carlson, ya gano dabarar kwafar rubutu da busasshen gari da cajin lantarki. Kamfanin Canon na Japan ne ya tattara sassan da suka fi saurin lalacewa ya zuba su a mazubi ɗaya a 1982, sannan HP ya fito da LaserJet ta farko a 1984, da injin Canon a cikinta.

Zuciyar abin ita ce diram, wani bututun alminiyon da aka shafe da sinadari mai jin haske, yawanci kore ko shuɗi. Wani ɗan gangare na roba yana ɗora masa caji, hasken leza ya zana rubutun a jikinsa, garin ya manne a inda hasken ya taɓa, sannan ya koma kan takarda. Daga nan takardar ta ratsa ta wani sashe mai zafin da ya kusa digiri 200, garin ya narke ya kama. Ai shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Garin kansa roba ce da aka niƙa ta yi laushi fiye da tozali, aka gauraya ta da abin da ke ba ta baƙi: a wasu baƙin gawayi ne na masana'anta, a irin su 12A da 85A kuma garin ƙarfe ne mai bin maganaɗisu. Ragowar da ba ta hau takarda ba, wata siririyar reza ta roba ce ke kankare ta daga diram ta tura ta wani ɗan aljihu na shara.

A nan ne masu ciko suka rabu gida biyu.

Akwai mai gaggawa. Zai buɗe gefe, ko ma ya huda jikin robar da ƙarfe mai zafi, ya ɗura gari, ya toshe da salatif, ya girgiza, ya miƙa. Minti goma sun yi yawa. Bai zubar da aljihun shara ba, bai duba diram ba, kuma garin da ya zuba wanda ya samu ne a kwalba, ko na wace firinta ne. Kwana kaɗan sai takarda ta fara fitowa da baƙin layi daga sama har ƙasa, ko ta yi duhu-duhu kamar an shafa mata toka, ko gari ya tsiyaye a cikin firintar.

Akwai kuma wanda ya san aikin. Shi wargaza katirij ɗin yake yi gaba ɗaya, ya share tsohon gari, ya zubar da shara, ya sauya diram da reza idan sun gaji, ya zuba garin da aka yi domin wannan samfurin daidai awo, ya ɗaure, ya buga shafin gwaji. Wannan shi ne abin da a Turai da Amurka ake kira sabunta katirij, kuma masana'anta ce mai zaman kanta, da kamfanoni da ƙa'idoji da garanti. Fanko mai kyau, idan ana sauya masa sassan da suka ci, yana iya zagayowa sau da dama kafin robar ta gaji.

Takardar da kanta takan faɗi inda ciwon yake. Ɗigon da ke maimaita kansa a tazara ɗaya daga sama zuwa ƙasa, rauni ne a jikin diram, sau da yawa ƙusar sitefula ce da aka manta a takarda ta yi shi. Layi mai tsawo, reza ce ta ci. Rubutun da ke gogewa idan an murza shi da yatsa, ko dai garin bai dace da zafin firintar ba ne, ko sashen da ke narka shi ya raunana. Mai ciko na kirki yana kallon shafi ɗaya ya san abin da zai sauya. Abin takaicin shi ne, kwastoma ba ya bambance shi da mai gaggawa sai bayan ya biya, kuma sunan sana'ar gaba ɗaya ne ke ɓaci.

Inda algus yake shiga

Ban da na asali da na ciko, kasuwa ta cika da wani nau'i na uku: sabon katirij da wani kamfani dabam ya ƙera domin ya shiga firintar HP ko Canon, yana ɗauke da sunansa na kansa. Mafi yawansu daga birnin Zhuhai na kudancin China suke fitowa, wanda ya zama cibiyar wannan harka a duniya. Suna sauka a Legas, su bi ta Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba, su iso shagunan Kano, daga can motocin haya su biyo da su ta Kazaure zuwa Daura. Ba laifi ba ne sayar da su ko sayensu, tunda ba su ce su wani ne ba. Ingancinsu ne dai hawa-hawa, kuma masu ciko sun fi son fankon asali saboda robar waɗannan ba ta cika jure buɗewa da rufewa ba.

Na huɗun shi ne matsalar. Shi ne katirij na ciko ko na kwaikwayo da aka sanya a kwali mai tambarin kamfanin asali, aka liƙe shi tsaf, aka sayar a farashin na asali. Kuma ba mai shago ne ya fi faɗawa wannan tarko ba, domin shi da kuɗin aljihunsa yake saye, ya kuma san nauyin katirij a hannu. Ofis ne ke faɗawa, inda mai rubuta buƙata daban, mai sa hannu daban, ɗan kwangila daban, mai karɓa a sito daban, mai amfani da firintar kuma daban.

Yadda abin ke tafiya sananne ne ga duk wanda ya yi aikin ofis a ƙasar nan. Takardar buƙata ta ce a sayo na asali guda ashirin. Kwalaye ashirin suka iso, aka ƙirga, aka sa hannu, aka biya. Ba wanda ya buɗe. Bayan mako uku sakatare ya kai kuka cewa tona ta ƙare, ko tana zubar da gari, sai a ce ai kayan yanzu ba su da auki, a sake rubuta wata buƙatar. Wani lokacin ɗan kwangilar ma bai san jabu ya sayo ba, shi ma an yi masa a kasuwa. Wani lokacin kuma kowa ya sani.

Abin lura a nan shi ne, fankon da ofis ya wurgar da kwalinsa mai kyau su ne jarin mai jabu. Akwai masu bi ofis-ofis suna sayen fanko, kuma sun fi ba da kuɗi idan da kwalinsa. Mafi yawansu masu ciko ne na halal ko dillalansu. Amma mai ciko na halal ba ruwansa da kwali. Ofishin da ya bar masinja yana sayar da fanko haɗe da kwali a bayan fage, zai iya wayar gari ya sayi nasa katirij ɗin karo na biyu a farashin sabo.

Kamfanin HP yana liƙa wani tambarin tsaro a kwalayensa, mai hoton da ke motsi idan an karkata shi, da lambar da ake dubawa da waya a tabbatar. Minti ɗaya ya isa a duba, in dai akwai wanda aka ɗora wa alhakin dubawar. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta shafi cibiyoyin tarayya, ta tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma ga ɗan kwangilar da aka samu da zamba. Sai dai katirij ƙaramin kaya ne, yana wucewa a cikin jerin "kayan rubutu" tare da biro da fayil, ba ya jan idon mai binciken kuɗi kamar kwangilar gini.

Wani abin da ke ciyar da wannan algus gaba shi ne kunya. Ofisoshi da dama suna ganin ƙasƙanci ne a rubuta "katirij na ciko" a bauca, don haka sai a rubuta na asali, a kawo na ciko, bambancin kuɗin ya bi ta wani aljihu. Alhali ƙasashen da suka fi Najeriya kuɗi ba sa jin wannan kunyar. Tun 1995 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanya sabuntaccen katirij a jerin kayan da ake so ma'aikatun tarayya su fifita wajen saye. A Faransa, wata doka da ta fara aiki a 2021 ta wajabta wa hukumomin gwamnati cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗin da suke kashewa kan katirij ya tafi ga waɗanda aka sake amfani da su. A can da sunansa ake sayensa, da farashinsa, da garantinsa.

Yaƙin da ake yi a nesa

Masu ƙera firinta ba sa murna da wannan sana'a, kuma dalilinsu a fili yake: ribarsu ba a firinta take ba, a katirij take. Suna sayar da na'urar da rahusa ne domin su daɗe suna sayar da garinta. Hujjar da suke bayarwa ita ce na asali ya fi auki, ya fi tsabtar rubutu, ba ya ɓata na'ura, kuma a kan auki da tsabta sau da yawa gaskiyarsu ce.

Makaminsu shi ne ɗan guntun allon lantarki da ke maƙale a jikin katirij, wanda masu sana'ar ke kira cip. Shi ke ƙirga shafuka, shi ke gaya wa firinta cewa gari ya ƙare. A tsofaffin samfura gargaɗi kawai yake yi, a ci gaba da bugawa. 12A ma ba shi da shi sam, abin da ya sa firintar 1020 ta zama abin so har yau. A sababbi kuwa, tun 2016 HP ya shigo da wani tsari da ke sa firinta ta ƙi karɓar katirij mai cip ɗin da ba nasa ba, kuma wannan umarni yana iya shigowa ta intanet lokacin da na'urar ke sabunta manhajarta. Katirij ɗin da ya yi aiki jiya sai a wayi gari an ƙi shi. A ƙarshen 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar kamfanin yuro miliyan 10 saboda rashin bayyana wa masu saye wannan ƙa'ida yadda ya kamata.

A Amurka har Kotun Ƙoli aka je. Kamfanin Lexmark ya kai ƙarar wani ƙaramin kamfani mai suna Impression Products da ke sayen fankonsa yana cikawa yana sayarwa. A watan Mayun 2017 kotun ta yanke cewa da zarar kamfani ya sayar da kaya, ba zai sake amfani da haƙƙin ƙirƙirarsa ya hana mai kayan yin abin da ya ga dama da shi ba. Abin dariyar shi ne, kafin a yanke hukuncin, a 2016, wasu masu zuba jari na China ƙarƙashin jagorancin wani kamfanin Zhuhai da ya yi suna wajen ƙera cip na kwaikwayo sun riga sun saye Lexmark ɗin kansa.

Ga mai sayen firinta a Daura, abin da wannan ke nufi shi ne tambayar farko ba "nawa ne?" ba ce. Ita ce: katirij ɗinta yana cikuwa? Ana samun diram ɗinsa da cip ɗinsa a Kano? Ba ofis ɗaya ba ne aka kawo wa sabuwar firinta ta zamani kyauta ko cikin wani shiri, ta yi wata uku tana aiki, ta koma kan kabad an lulluɓe ta da leda saboda babu mai iya ciyar da ita.

Zafi, ƙura da wuta

Yanayin Daura ma yana da nasa hukuncin. Tunda garin tona roba ce da aka yi domin ta narke, zafin bazara na Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana sa ya dunƙule idan an ajiye shi a sito mai rufin kwano ko a but ɗin mota. Sayen katirij na shekara guda a tara, wanda ake ganin dabara ce ta guje wa tashin farashi, yana iya zama asara. Ƙurar hunturu tana shiga ta karce diram. Hasken rana kai-tsaye yana kashe diram cikin ɗan lokaci, amma za ka ga an ajiye fanko tsirara a kan taga ana jiran mai ciko.

Sannan ga wuta. Sashen da ke narka gari yana jan lantarki sosai, ƙaramar firinta ma takan ja sama da wat 300 tana bugawa. Idan wutar KEDCO ta zo da rauni ko ƙaramin janareta ya gaza, rubutu ba ya kamawa da kyau, sai a ɗora wa mai ciko laifin da ba nasa ba. Wannan ne ya sa shagunan da suka koma sola suke karkata ga firinta mai tankin tawadar ruwa, wadda ba ta cin wuta sosai. Kamfanin Epson ma ya sanar a 2022 cewa zai daina sayar da firintocin leza zuwa 2026. Amma tawadar wasu samfuran tana malalewa idan ruwa ya taɓa ta, kuma takardar fili ko ta gado ko hukuncin kotu ba takardar mako guda ba ce. Ana ninke ta a adaka shekara talatin. Irin waɗannan takardu su ne inda ya dace ofis ya kashe kuɗi a kan mafi ingancin garin da zai samu. Sanarwar taro da tambayoyin gwajin mako kuwa, na ciko ya wadatar.

Huhun yaron shago da bolar bayan gari

Ga ma'aikacin da ke zaune kusa da firinta, haɗarin tona kaɗan ne, domin garin a rufe yake. Ga yaron da ke koyon ciko a shago mai ƙofa ɗaya, magana ta sha bamban. Ƙwayar garin ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, tana tashi ta daɗe a iska. Yara da yawa da baki suke hure shi, ko da injin hura iska, su tashi da hanci baƙi ƙirin. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke ƙarƙashin WHO ta sanya baƙin gawayin masana'anta a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa daji, kuma ko ba wannan, duk ƙura mai laushi haka da ake shaƙa kullum ba alheri ba ce ga ƙirji. Kariyar ba ta da tsada: takunkumi mai tace ƙura, safar hannu, aiki a inda iska ke wucewa, da goge wuri da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Idan ya taɓa hannu ko tufa, da ruwan sanyi ake wankewa. Ruwan zafi narkar da shi yake yi ya kama.

Kowane fanko kuma yana da ranar da zai ƙi cikuwa. Daga nan sai bola. 'Yan gwangwan sukan fasa shi su cire bututun alminiyon da 'yan ƙarafan da ke ciki, tunda su ake aunawa a sikeli. Baƙar robar da ragowar gari ba mai saye, sai su zauna har ranar da za a cinna wa bolar wuta. A 2018 ƙungiyar masu sabunta katirij ta Turai, ETIRA, ta ce gwajin da ta sa aka yi ya gano wani sinadarin hana kama wuta da aka taƙaita amfani da shi, fiye da ƙima, a robar wasu katirij na kwaikwayo. Ƙungiyar tana da nata muradin a wannan magana, tunda kishiyoyinta take zargi, amma hayaƙin irin wannan roba ba abin shaƙa ba ne ko daga bakin wa labarin ya fito. A ƙasar Daura kuwa bola ba nan ne ƙarshen tafiya ba. Kafin damina ana kwashe ta a amalanke da bayan a-kori-kura a kai gona a matsayin taki.

A takarda, Najeriya tana da tsari. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022, kuma sun ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin abin da suka sayar har bayan ya mutu. A 2018 aka kafa EPRON domin tattara kuɗi daga kamfanonin a biya masu tarawa da masu sarrafawa, kuma HP yana cikin waɗanda suka assasa ta. A 2019 aka ƙaddamar da wani shiri na dala miliyan 15 tare da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amma a Legas aka gwada shi, kuma a can manyan kamfanonin da ke da lasisin sarrafa irin wannan shara suke. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta samar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, aka tattara aka sarrafa kusan kashi 22 cikin 100 bisa ƙa'ida; a Afirka bai kai kashi ɗaya ba. Rabon Najeriya a wannan shara ya kai kusan tan rabin miliyan a shekara.

Su kansu kamfanonin sun daɗe da shirin karɓar fanko: Canon ya fara a 1990, HP a 1991. Amma an gina shi ne a kan ƙasashen da ake liƙa wa kwali takardar gidan waya a zo a ɗauka kyauta. Bai san hanyar Sandamu ko Ɓaure ba.

Abin da ke hannun ofis bai kai girman waɗannan ba, amma shi ne mai yiwuwa gobe da safe. Littafi ɗaya a sito, a rubuta lamba a jikin kowane katirij, da ranar da aka saka shi, da adadin shafin da firinta ta nuna a ranar, domin yawancin firintoci suna iya buga wannan lissafin. Kada a ba da cikakke sai an dawo da fanko. A yayyaga kwali kafin a zubar. A yi yarjejeniya a rubuce da mai ciko ɗaya da aka gwada aikinsa, da sharaɗin zai sauya duk wanda ya zubar da gari, zai kuma tafi da matattun maimakon a bar su a bayan ofis. Bayan zango ɗaya littafin zai nuna nawa kowane shafi ya ci a na asali, nawa a na kwaikwayo, nawa a na ciko, kuma a kan wannan adadin ne akanta zai iya tsayawa idan ɗan kwangila ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan orijina ne."

Ɗaliban sashen injiniyan lantarki da kwamfuta da ke garin suna neman wurin koyon aiki kowace shekara, kuma kayan da ake buƙata domin sabunta katirij yadda ya kamata ba su fi sukuddireba, sikelin awo, injin zuƙar ƙura mai matata ta musamman da firintar gwaji ba. Diram da reza da cip ana sayar da su ɗai-ɗai a Kano, motar safe ta tafi da saƙo, ta yamma ta dawo da su.